Farin da ke Gefen Takarda

Shekara biyu Auta ta yi tana rubuta labarin fim ɗin nan a kan teburin da muke cin abinci, in ta dawo daga makarantar da take koyarwa. Sai wani furodusa ya sanar zai karɓi aikin sababbin marubuta, bugagge a takarda, kuma ƙarfe huɗu na ranar Alhamis zai rufe. Ranar tana da aji har ƙarfe biyu, don haka ta damƙa min filash ɗin da labarin ke ciki.

"Baba, ka ce a buga shi yadda yake. Kada a taɓa komai."

"Ni da na haife ki za ki koya wa aike?"

A shagon buga takardu, mai kwamfuta ya buɗe aikin, na leƙa ta bayan kafaɗarsa. Maganganun mutanen labarin sun tsaya a tsakiyar shafi siriri kamar igiya, dama fari, hagu fari. Ni a ɗan karatun da na yi, wanda ya bar fili a takardar jarrabawa bai san amsa ba ne. Na hango babban mutum yana buɗewa yana taɓe baki, yana cewa yarinyar nan ba ta da abin faɗa.

"Ɗana, cike min filin nan."

"Baba, ka tabbata? Kamar da gangan aka yi shi haka."

"Yarinya ce, ba ta san yadda manya ke kallon abu ba."

Ya ja layukan har baki. Shafi casa'in da biyu ya koma hamsin da ɗaya. Na sa ya yi masa bango mai ƙyalli.

A ƙofar makaranta Auta ta karɓa, ta jijjiga shi a hannu, ta buɗe shafin ƙarshe.

"Baba, kowane shafi minti ɗaya ne a fim, shi ya sa ake tsara shi haka. Kafin su karanta kalma guda, lambar ƙarshe suke dubawa. Hamsin da ɗaya bai kai fim ba. Gefe za su ajiye shi."

"Amma ko harafi ban cire ba."

"Na sani, Baba."

Da faɗa ta yi min, da ya fi min sauƙi.

Muka koma shagon. Mai kwamfuta na ganinmu ya kwashe da dariya.

"Ai ban goge na asalin ba. Na san za ku dawo, ban dai zaci da rakiya ba."

Injin yana fitar da takarda ɗai-ɗai, ni idona a kan agogon bango. Auta ta daidaita su, ta huda gefe, ta ɗaure da ƙusoshi biyu. Bangon farar takarda ce: sunan labari, sunanta, lambar waya. Na buɗe baki zan ce ya yi tsirara, na rufe.

Huɗu saura ashirin muka isa ofishin furodusan. Sakatariya ba ta ko kalli fuskarmu ba. Ta juya shafin ƙarshe, ta rubuta lambar a littafinta, ta ɗora shi a kan tulin da ke damarta. A ƙasa, kusa da kwandon shara, akwai wani ƙaramin tuli. Biyu daga ciki bangonsu na ƙyalli.

Muna sauka daga bene Auta ta ce, "Baba, da kake ta kallon farin, ka karanta baƙin kuwa?"

Na ce ban karanta ba.

"Akwai wani uba a ciki," in ji ta. "Kada ka ji haushi in ka iso wurinsa."