Fatawar Maiwada a Kan Ƙuda

Maiwada dai irin ɗaliban nan ne da in sun haddace babi biyu na fiƙihu, sai su ɗauka har tsuntsayen sama a wurinsu za su nemi fatawa. A unguwar Ƙurban ta birnin Madina yake haya, ɗaki ɗaya da Abdulrauf, wani ɗalibi ɗan ƙasar Guyana, can Amurka ta Kudu, wanda ya dawo hutu da ɗan jan tsuntsu a keji, tsarabar mahaifiyarsa.

Da Hajjin 1402 ya matso, Abdulrauf zai tafi Makka, sai ya damƙa wa Maiwada kejin.

"Ya akhi, amana ce," in ji shi. "Ba ya cin hatsi, sai ƙuda da ƙwari. A ƙasarmu danginsa ɗaruruwa ne, wasu a ƙurmi, wasu a bakin kogi, kowane da yadda yake cafke ƙwaro a iska."

Maiwada ya ce to. Motar alhazai na tashi ya ja tsaki. Ɗaruruwa wai! Tsuntsu ai tsuntsu ne. Tattabarun Harami nawa ya ga ana watsa wa alkama, wace ce ta taɓa kai ƙara? Ya cika gwangwanin kejin da alkama.

Inna Dumbulwa mai gidan, wadda iyayenta suka zo daga Katsina a ƙafa, ta leƙo ta ga tsuntsun ya takure.

"Ɗan nan, haram alaik, kama masa ƙuda mana."

"Inna, farauta haramun ce a Madina," in ji Maiwada, har da ɗaga yatsa.

Kai, jama'a! Ƙuda ne ya zama abin farauta. Gaskiyar magana ƙyama yake ji, kuma yana kunyar a ga ɗalibin Shari'a yana tsalle a bayan shagon mahauta. Amma malam ya naɗa wa ƙiwarsa rawani, ya zauna yana ƙara alkama a kan wadda ba a taɓa ba.

Ranar da Abdulrauf ya dawo, kansa a aske, ko jaka bai ajiye ba ya nufi kejin. Tsuntsun na kwance, ƙafafu sama, gwangwani cike maƙil, ƙudaje sun yi masa baƙi.

Maiwada ya gyara murya zai fara jawo hujja. Abdulrauf ya ɗaga masa hannu, idonsa ya yi ja.

"Bari, ya Shaikh. Ga abincinsa nan ya zo da kansa."