Faifan Don Nicanor

"Baiwar Allah, ki sauka daga matakalar nan kafin manaja ya gan ki," in ji Hollis, mai haska fim a silimar unguwarmu.

Na ce masa ko gwamnan California ne zai gan ni, ba inda za ni sai da faifan nan.

Maƙwabcina Don Nicanor ne a kwance, ciwon huhu ya cinye shi, har likita ya ce a kira fada daga coci. Don Nicanor ne ke kula da dawakin 'yan fim a Hollywood tun fim bai iya magana ba. Da aka tashi yin na makiyaya mai launi da waƙa, sai aka tarar jarumin kyau kawai gare shi, murya kuwa ta agwagwa. Aka tsayar da Don Nicanor bayan wata bishiyar kwali yana rerawa, jarumi na bisa doki yana motsa baki. Fitilun da launin ke bukata suka lalata masa ido, ko sunansa ba a rubuta ba. Ranar da fim ɗin ya iso unguwa, ƙafa ta riga ta ƙi ɗaukarsa. Bai taɓa jin waƙar tasa ba, ni kuwa na rantse sai ya ji.

Sautin a faifai yake zuwa daban, a kunna shi tare da hoton. In ya sha allura ya gaji, a fasa a zubar. Hollis ya ce doka ce, dole a fasa. Na ce ya ɗauka cewa ya riga ya fasa, ni ce kwandon shara. Ya ga bakina ba mai mutuwa ba ne, ya miƙo shi a cikin tsohuwar jarida.

Faifan ya kai faɗin tire, sai da muka cire murfin garmaho sannan ya zauna. Matar Don Nicanor, Doña Eulalia, ta wana, na ɗora allura a gefe kamar yadda kowa ke yi. Allura ta zame ƙiii, ta faɗo.

"Soledad, kanki kamar na alfadari," in ji shi daga gado. "Na silima daga tsakiya ake farawa."

Na mayar tsakiya. Abin da ya fito, wallahi kamar ɓeraye na faɗa a cikin buhu. Ashe garmahon gida ya fi na silima gudu nesa ba kusa ba. Eulalia ta fashe da kuka. Shi kuwa dariya ya yi har tari ya sarƙe shi, ya ce ashe shi ya sa aka ɓoye shi bayan bishiya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na bari wanin ya ƙare, na dafa tsakiyar faifan da yatsa, na fara juya shi da kaina. Muryar ta riƙa tashi tana faɗuwa kamar ta mashayi.

"Sassauta," ya ce. "Tafiyar dokin da ya gaji, yana komawa gida."

Ya shiga buga katifa da tafin hannu, ina bin bugun. Can sai ga ta, murya mai kauri, mai sanyi, ta cika ɗakin har matan da ke shanya a tsakar gida suka leƙo ta taga. Eulalia ta toshe baki.

"Ni ne," ya ce. "Kar ki tsaya."

Ban tsaya ba. Allura ta kai gefe, na mayar da ita tsakiya. Kafaɗata ta ɗau zafi, yatsana ya mutu, na canza hannu. Ina kallon faifan ne don kar in kuskure, shi ya sa ban ga lokacin da bugun ya daina ba. Sai da Eulalia ta tashi ta shafe masa ido sannan na gane, na yunƙura zan ɗaga allurar.

"A'a, Soledad," ta ce. "Bari ya ƙarasa baitin."

Ta zauna a bakin gado ta riƙe hannunsa, ni kuwa na ci gaba da juyawa.