Aska a Hannun Mai Tari

Askar na kan maƙogwaron wani direba mai ƙaton tumbi lokacin da Kawu ya ji ƙaiƙayin nan ya taso masa. Ya ɗage hannu, ya juya baya, ya yi tarinsa cikin hannun riga, busasshen tari, ba kaki ba majina. Kafin ya juyo, direban ya miƙe tsaye, rabin fuskarsa kumfa, yana kiciniyar kwance ƙyallen wuya.

"Kawu, bar shi haka. Na ƙarasa a gida."

"Da rabin gemu za ka fita? Ai sai matarka ta zaci gobara ka kashe."

Ba wanda ya yi dariya. Direban ya goge fuska da tawul ya fice, mutum biyun da ke jira a benci kuma suka sunkuyar da kai kan wayoyinsu.

Kowa Kawu yake ce masa, har waɗanda suka girme shi, domin Dogo mai shagon ɗan ƙanwarsa ne. Shi ya koya wa Dogo riƙon almakashi tun yana rage wa mutane kunne. Yau Dogo ke da shago da madubai bango guda, Kawu kuwa yana da kujerar bakin taga da askarsa mai ƙotar ƙashi. Wajen fitar da layin gemu, duk titin babu na biyunsa, ya kuma san haka, ba ya ɓoyewa.

Bara ne zuciya ta kayar da shi. Ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, barci sai a zaune, ƙofar banɗaki ma sai ya tsaya haki kafin ya kai. Likita ta ce hawan jini ne ya daɗe yana wahalar da zuciyar har ta gaza. Cikin magungunan da ta ba shi akwai wata 'yar ƙwaya, lisinofiril, mai sassauta hanyoyin jini don zuciya ta samu sauƙin aiki. Ya kuwa miƙe. Sai dai tarin ya biyo baya. Ta ma faɗa masa tun farko cewa yakan zo wa wasu, ba ya yaɗuwa, in ya dame shi ya dawo ta canza masa, amma kada ya kuskura ya daina sha da kansa. Kawu ya riƙe rabin maganar, ya zubar da rabi. Bai daina ba, bai kuma koma ba. Maganin da ya tashe shi daga kwance, shi ba zai yi masa butulci a kan ɗan tari ba. Taurin kai dai gado ne a gidansu.

Dogo ya kashe injin askinsa ya matso, yana magana ƙasa-ƙasa, irin ta wanda ya kwana yana shirya ta.

"Kawu, mutane na surutu. Wasu cewa suke tarin fuka ne."

"An duba ƙirjina tas."

"Ni na sani. Amma mutum ya miƙa wuya, aska na kai, a ji tari... Allah ya kiyaye tsautsayi. Ko dai ka ɗan ajiye ƙwayar nan ranakun aiki, ko ka ajiye askar ka koma inji. In ba haka ba, gara ka huta a gida."

Ran Kawu ya ɓaci sosai, har kunnuwansa suka yi zafi. Ya zaro fallen maganin daga aljihu ya buga a kan kanta, kusa da kwalbar turare.

"In ajiye wannan? Kai ka ɗauke ni a mota ina numfashi kamar rago a rana, ka manta? Ni da ƙwayar nan mutu ka raba. Askar kuma tun ba a haife ka ba take hannuna. Tarin nan sallama yake min kafin ya shigo. Ina jin sa, in ɗage. Ka taɓa ganin jini a tawul ɗina?"

"Ban taɓa ba."

"To zauna."

"Kawu..."

"Zauna, na ce. Gani ya kori ji."

Na kan benci suka ajiye wayoyi. Ɗayansu ya ce, "Af, wanzami ba ya son jarfa!" Wannan karon aka yi dariya, dariyar kuwa ita ta tura Dogo kan kujerar.

Kawu ya ɗaura masa ƙyalle, ya shafa kumfa a tsanake, ya wasa askar a ɗamarar fata. Ya sauko daga saje zuwa kumatu, ya zagaye haɓa, yana miƙe fata da babban yatsa. Shagon ya yi tsit, ban da kukan fanka. Ya ɗaga haɓar Dogo sama, ya sa ƙarfen daidai inda jijiya ke harbawa a gefen wuya.

Nan tarin ya zo, kuma bai yi sallama ba. Ba ƙaiƙayi, ba komai, kawai ya fizgo ƙirjinsa. Abin da ya cece su shi ne askar ta riga ta kai ƙarshen ja, hannun na kan tashi da kansa. Ta wuce ta iska, tazarar da ba ta kai kaurin farce ba. Ya juya ya ƙarasa tarinsa.

"Kun gani?" in ji na benci. "Tsohon hannu ke nan!"

Kawu ya ƙarasa askin. Dogo ya shafa wuyansa, ya duba tafin hannu, babu ko ɗigo. Ya sauke ajiyar zuciya, kunya ta rufe shi.

"Ka yi haƙuri, Kawu. Kujerarka ce, askarka ce. Ba mai sake magana."

Kawu ya ninke ƙyallen. Yana kallon wuyan ɗan ƙanwarsa a madubi, tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko a gadon asibiti. Cikin shagon nan duka, shi kaɗai ya san ba shi ya ɗage hannun ba.

Mai ba'ar nan na benci ya riga ya taso yana tuɓe hula. "Ni ne na gaba. Gemu da saje, da aska."

Kawu ya wanke askar, ya tsane ta, ya naɗe, ya sa a aljihun tebur ya tura. Ya ɗauki fallen maganinsa ya mayar aljihu.

"Da inji zan yi maka," ya ce. "Dogo, gobe da safe ba ni nan, zan je wurin likita. Kada kuma wani ya ce shi ya sa ni."