Silifas Ɗin Malam Ila

Da Mardiyya ta iso gidansu na Abakpa, ta tarar da mahaifinta zaune a tsakar gida, ya miƙe ƙafa ɗaya a kan tabarma, an naɗe masa ƙwauri da bandeji. Kafin ta gama gaisuwa ya ɗaga mata hannu.

"Kada ki fara. Santsi ne ya kwashe ni."

"Wane santsi, Malam, ana wannan rani?" in ji Inna Harira, mahaifiyarta, daga bakin murhu. "Lambatun ƙofar gidan Lawal ya faɗa, zai tafi sallar asuba. Kuma ba yau ya fara ba."

Malam Ila makanikin keken ɗinki ne. Daga Katsina ya zo Kaduna yana saurayi, kuma da wuya a sami tela a Abakpa ko Doka da bai san hannunsa ba. 'Ya'yansa maza duk sun yi nisa. Mardiyya ce kaɗai a kusa, tana aure a Malali tana koyarwa a wata firamare, saboda haka duk rigimar tsohon a kanta take ƙarewa. Ta saya masa tocila, ya baro ta a masallaci. Ta sayi wata, ya ce ga buta a hannu ga carbi a hannu, da wane hannun zai riƙe ta? Ta nuna masa fitilar waya, ya ce shi ba ɗan sintiri ba ne da zai dinga haske fuskokin bayin Allah.

Ana cikin haka wata abokiyar aikinta, Samira, mai ɗan saye da sayarwa ta waya, ta nuna mata wani silifas baƙi mai kauri. A kan yatsun kowace ƙafa akwai ƙananan fitilu, da an taka sai su kama, su haska gaban mutum. Da wayar caji ake cika shi. Mardiyya ba ta tsaya dogon tunani ba, ta karɓa. A ranta ta ce wannan dai ba ya buƙatar hannu, kuma ba wanda zai manta takalminsa a masallaci ya dawo gida ba takalmi.

Malam Ila ya karɓi silifas ɗin, ya jujjuya shi, ya ƙwanƙwasa gindin da farce.

"Mi ne ne wannan kuma?"

"Takalmi ne, Baba. Sa ka gani."

Ya zura ƙafa ya miƙe. Fitilun suka kama, har suka haska gindin randa. Inna Harira ta tuntsire da dariya, sai da ta dafa bango.

"Kin gani ko?" ya ce yana nuna matarsa. "Wannan a cikin gidana ke nan. Irin shi fa ake saya wa yara da salla, suna tafiya yana walƙiya. Da furfurata?"

"Baba, da furfurar taka ka faɗa lambatu."

"Mardiyya!"

"Allah ya huci zuciyarka. Amma ka sa, don Allah. Asuba kawai."

Sai da ta kusa yin kuka ya ce to.

Asubar farko abin ya yi kyau, ko da yake bai taɓa faɗa da bakinsa ba. Ya ga bakin lambatun sarai, ya kauce wa wata akuya da ta kwanta a tsakiyar lungu, ya isa masallaci lafiya ya ajiye takalmin a ƙofa. Sai dai wani da ya zo a makare ya dire cikakkiyar butarsa a kai. Nauyin ruwan ya danne shi, fitilun suka kama suka ƙi mutuwa. Ga shi an ɗauke wuta a unguwar. Da aka sallame, jama'a suka juyo suka ga ƙofar masallaci tana haske kamar an faka babur.

Lawal, maƙwabcinsa kuma abokin wasansa, shi ya ɗaga butar.

"Malam Ila, ai ka shigo ba ka kashe injin ba."

Kafin azahar labari ya zaga. Telan da ke bakin titi ya tambaye shi ko takalmin yana da sigina. Mai shayi ya fara kiransa Tirela. Da yamma Mardiyya ta zo jin yadda aka yi, ya ƙi ko kallon inda take.

"Shekara da shekaru ina unguwar nan da mutuncina. Kwana ɗaya kin mai da ni abin nunawa."

"To su Baba Lawal ɗin ne za su ɗinke maka ƙwauri in ka sake faɗawa?"

Ya miƙe ya shige ɗaki. Ta ɗauka ta yi nasara.

Bayan 'yan kwanaki ta haɗu da Lawal a bakin lungu, ya tsayar da ita yana ƙunshe dariya.

"'Yata, wannan tocilar da kika sayo wa tsohonki akwai haske. Sai dai siffarta ce wata iri."

"Wace tocila, Baba Lawal?"

Ashe Malam Ila tsohon takalminsa yake sawa. Sabon kuma sai ya ɗauki ƙafa ɗaya a hannu, ya danna cikinsa da babban yatsa yana haska hanya, in ya kusa masallaci ya cusa shi a aljihun riga. Mardiyya ta shiga gidan ko mayafi ba ta gyara ba.

"Baba, ba kai ka ce ba ka da hannun riƙe tocila ba?"

"Na mai da carbin wuya."

"To in hannun ya samu, me ya hana ka riƙe tocilar gaske?"

"Kin ce in yi amfani da shi, ina yi. Mi kuma ya rage?"

Ɗaya ƙafar kuwa Inna Harira ce ta gaje ta. Da ita take leƙa akurkin kaji bayan magariba, da ita take neman ashana a kicin. Ba a jima ba batir ya ƙare duka biyun, wuta kuma ta ƙi zama a Abakpa. Sai ya zama Mardiyya ce ke zuwa ta kwashi takalmin ta kai Malali, ta yi masa caji da solar gidanta, ta dawo da shi. Wata rana a cikin Keke Napep matar da ke kusa da ita ta matse jakar da takalmin ke ciki da cinya, jakar ta kama haske ta ciki. Matar ta yi salati ta ce mai keke ya tsaya ta sauka. Mardiyya ta buɗe jakar tana bayani, amma ganin takalmi ne ke ci da wuta bai kwantar wa matar da hankali ba.

Daren nan ta ce wa mijinta Aminu, "Wallahi na gaji. Yaran ajina duka ba su ba ni wahalar da mutum ɗaya yake ba ni ba."

"Ki bar shi mana."

"In bar shi ya karye?"

Ranar Asabar ta je da hantsi, ta shirya maganar da za ta faɗa tun daga hanya. A zaure ta same shi, inda yake aikinsa. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan benci, ya kwance ƙafar hagu ta silifas ɗin gaba ɗaya. Ga batir a gefe, ga 'yan wayoyi ja da baƙi sun leƙo, ga sukudireba a hannunsa.

"Inna lillahi! Baba, me ka yi?"

"Makunni zan sa mashi. Wane irin abu ne ba ya da wurin kashewa? Waɗanda suka ƙera shi ba su da tunani."

"Sabon takalmi! Ko wata bai rufa ba! Wa ya ce ka buɗe? Kullum haka kake, rediyon Inna ma haka ka yi mata, agogon bango ma..."

"Rediyon ai ta yi magana daga baya."

"Tasha ɗaya take kamawa!"

Tana cikin faɗa ta lura ba ita yake saurare ba. Hannunsa ne ke yawo a kan ƙyallen, yana shafawa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Wani ɗan ƙaramin noti baƙi yake nema. Notin kuwa yana nan a gabansa, a tsakiyar farin ƙyalle, rana ta shigo ta ƙofar zaure ta haske shi tar. Yatsunsa suka wuce ta kusa da shi, suka dawo, suka sake wucewa. Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa bencin.

Mardiyya ta sa hannu ta ɗauki notin ta ɗora masa a tafi.

"Baba, rana ce fa yanzu."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

Ya ajiye sukudireban. Ya ce tun daminar bara abu ya fara zama masa kamar hayaƙi. Da farko da dare ne kawai, yanzu har da rana. Ta dubi kekunan ɗinki da ke jingine a bangon zaure an lulluɓe su da buhu. Ya sha gaya musu cewa telolin yanzu ba sa kawo gyara, sun koma keken lantarki. Ashe shi ne yake mayar da telolin, waɗannan ɗin ma ya kasa gyara su.

Tausayi ya kama ta, amma haushin ya fi yawa.

"Shi ne ka bar ni ina yawo da takalmi a jaka daga Malali zuwa Abakpa, ana guduna a mota? Da ka faɗa ai da tuni mun je asibiti!"

"Shi ya sa ban faɗa ba. Ba mai sa mani wuƙa a ido."

"Wa ya ce maka wuƙa za a sa?"

"Haka aka yi wa wani a garinmu, bai sake gani ba."

"Yaushe?"

"Ina yaro."

"Baba, wanzami ne ya yi masa ko likita?"

Ya kau da kai. Inna Harira, wadda ashe tana tsaye a bakin ƙofar cikin gida tun ɗazu, ta shigo tana goge hannu da zani. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, jiya gishiri ka zuba a kokonka, ka shanye don kada in gane. Na gani, na yi shiru. Yau na daina shiru. Ranar Litinin za ka bi yarinyar nan, in kuwa ba haka ba ni da kaina zan je in gaya wa Lawal, ya sanar a masallaci."

Wannan ce ta kama shi. Ya ce su mata ba su da amana, ya tattara wayoyin silifas ɗin ya zuba a gwangwanin tarkacensa. Ƙafar hagun ba ta sake haɗuwa ba. Ta dama kuwa, Inna Harira ta ci gaba da leƙa kajinta da ita.

A asibitin ido likita ta ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, kuma aikin ba mai tsawo ba ne, za a fara da na dama. Malam Ila ya yi mata tambayoyi har ta gaji: wane ƙarfe za a yi amfani da shi, wa ya ƙera injin, ana yi masa sabis kuwa? Ranar aikin sai da Aminu ya zo da mota, don tsohon ya ce cikinsa na ciwo, daga baya ya ce ai bai ga hularsa ba, alhali tana kansa.

Washegari aka cire masa bandejin. Ya ƙifta ido, ya dubi bango, ya dubi tafin hannunsa ya daɗe yana kallo. Mardiyya ta ji hawaye na zubo mata. Sai ya juyo ya ƙare mata kallo daga sama har ƙasa.

"Wa ya ɗinka maki rigar ga?"

"Wani tela ne a Malali. Baba, kana gani?"

"Ina gani mana. Dubi kalmasar wuyan, duk ta karkace. Kekensa na tsallake zare, ba ki lura ba? Haka kike shiga gaban ɗalibai?"

"Baba, don Allah..."

"Ki ce ya kawo mani keken gobe."

Likitar ta ce ba zai yi aikin komai ba sai idon ya warke, kuma kada ya sunkuya, kada ƙura ta shiga. Ya ce to, to, ya ji. A hanyar gida ya zauna gaban mota kusa da Aminu, yana nuna masa ramukan titi tun kafin su iso, yana tambayar yaushe aka rushe wancan shagon, wa ya ba da izinin wannan fenti. Da suka shiga lungunsu ya hango Lawal a kan benci, ya sa Aminu ya tsaya, ya sauke gilashi.

"Lawal! Ashe haka ka tsufa ba wanda ya gaya mani?"

Mardiyya ta jingina kai da kujera ta rufe ido. Saura idonsa na hagu, kuma likita ta ce sai bayan wata guda.