Ƙofar da Inna Ta Hana a Canja

Shekara huɗu da gama yaƙi, layinmu ya sake kama, har ni da aka haifa a cikinsa nakan yi ɓatan kai. Inda famfo yake an kafa shagon gyaran rediyo. Bishiyar da muke kwatance da ita an sare, an shimfiɗa kwalta. Kowa ya sa ƙofar ƙarfe, ban da mu.

Tamu tana nan, ta katako, koriya, mai kuka kamar kyanwar da aka taka wa jela. Ta nan yayana ya fita zuwa yaƙi, kuma ba gawa ba labari.

"In ya dawo da me zai gane gidan?" in ji Inna. "Komai ya canja sai koren nan."

Duk bayan damina sai ta ƙara mata fenti. Kafinta maƙwabcinmu yakan tsokane ta: "Inna, ƙofar nan ta girme ni, a bar ta ta yi ritaya mana!" Sai ta ce ya fara yin tasa.

Ni kukan ne ya ishe ni, wallahi har cikin haƙorana nake jin sa. Ran nan da hantsi na karɓo man sa wa ƙarfe a wajen kafinta. Ai launi Inna take tsaro, ba ƙara ba. Na ja ƙofar, na tura, ina neman ƙarfen da ke kukan.

"Don Allah ƙara buɗe ta."

Wani ramammen mutum ne a tsallaken titi, da baƙin tabarau, yana lalube da sanda. Na ja, ta yi ƙiii. Sai ya miƙo kai tsaye, ko tuntuɓe bai yi ba.

"Sau uku ina bin layin nan ina tambayar famfo, ba wanda ya sani," ya ce. "Auta, ke ce? Har yanzu ƙiwuya ba ta bar ki kin sa mata mai ba?"

Ihun da na yi ne ya fito da Inna ba ko mayafi. Ta riƙe rigar yayana gam. Shi kuma ya shafa katakon da tafinsa, sama da ƙasa.

"Inna, har yanzu koriya ce?"

"Shar," ta ce, tana kuka tana dariya.

Na mayar wa kafinta mansa, ko ɗigo ban taɓa ba.