Bindigar da Ke Rataye a Shagon Zarghun

A kasuwar Darra, garin maƙeran bindiga da ke kusa da Peshawar, idan cinikin tsohuwar bindiga ya cije, wurin Zarghun Shah ake zuwa. Ya daina riƙe magagari tun da hannunsa ya fara rawa, amma bakinsa bai yi rawa ba. Abin da ya ce bindiga ta kai, shi ta kai. Kuma duk wanda ya shiga shagonsa, ko ruwa ya zo sha, sai ya ji labarin ƙaramar bindigar da ke rataye a bango: yadda ya ƙera ta da hannunsa shekara arba'in da suka wuce, ya kwaikwayi wata ta Rasha har tambarin tauraro. Mutanen layin sun haddace labarin kamar karatun sallah. Tsohon akwai cika baki, amma fa ya isa ya cika.

Da hantsin wata Laraba Baryalai ya shigo da ƙunshi a hannu. Ɗan marigayi Spin Gul ne, aminin Zarghun tun suna samari. A bayansa akwai Haji Misal, wani ɗan kasuwa daga Peshawar mai ƙaton agogo.

"Kaka, bindigar Baba zan sayar," in ji Baryalai, don a can haka ake kiran baffa. "Haji ya ce in ta Rasha ce zai ba da rupi dubu ɗari da hamsin. In ƙirar nan ce, dubu sha biyar."

"Mutum uku sun ce ta Rasha ce," in ji Haji Misal. "Amma ni sai na ji daga bakin Ustaz Zarghun. Ku mutanen Darra, ko jaki kuka samu sai ku buga masa tambari ku ce doki ne."

"Kuma ku na Peshawar ku saya, ku hau," in ji Shamroz, maƙerin shagon da ke kusa, wanda bai taɓa jin ana ciniki ya zauna a wurinsa ba.

Aka yi dariya, aka zuba kahwa, koren shayinsu. Zarghun ya warware ƙunshin. Ya san bindigar nan. Ita Spin Gul ya kawo daga bayan duwatsu lokacin yaƙin Rasha, ya bar masa ita wata guda don ya kwaikwaya, sannan ya ɗauki abarsa ya koma. Ya ja bayanta, ya saki, ya saurari ƙarar. Ya leƙa cikin bututun ta hasken ƙofa. Ya shafa inda baƙin launinta ya goge saboda daɗewa a ƙugu.

"Ta Rasha ce," ya ce. "Ku ji yadda take rufewa. Ƙarfen nan ba namu ba ne. Shamroz, ko shekara ɗari ka yi kana goga ba za ka fitar da wannan ba. Ni kaina da na yi waccan ta bango, kusa kawai na yi."

Haji Misal ya kai hannu aljihu. Da nan aka tsaya da shi ke nan. Amma Zarghun yana da ɗabi'ar da bai taɓa bari ba: ba ya yanke farashi sai ya cire marfin mariƙi ya duba tsatsa, don gumin hannu a can yake taruwa ya ci ƙarfe. Ya cire, ya kawo kusa da ido.

Babu tsatsa. Abin da ke wurin zane uku ne ƙanana a jere, na bakin magagari. Kowane maƙerin Darra yana da alamar da yake ɓoyewa a inda mai saye ba ya dubawa. Zane uku a jere alamar Zarghun ce.

Babban yatsansa ya rufe wurin tun kafin ya yi tunani. Ya tuna ranar: bindigogi biyu a kan tabarma, suna ta juya su suna dariya, mota tana jiran Spin Gul a bakin hanya, ya suri ɗaya ya fita da gudu. Ashe ta Zarghun ya sura. Ashe shekara arba'in Zarghun yana nuna wa baƙi aikin wani Barashe yana bugun ƙirji.

Ba wanda ya gani. In ya mayar da marfin, Baryalai ya karɓi kuɗinsa, Haji ya tafi da murna, sunan Zarghun ya zauna yadda yake. In ya ɗaga yatsan, kafin la'asar duk Darra ta ji cewa Ustaz bai gane aikin hannunsa ba, kuma Shamroz zai ci abinci da labarin har ya mutu. Kunya ta kama shi. Sai dai a ƙarƙashin kunyar akwai alfaharin maƙeri da ke tasowa, wanda ya fi ta ƙarfi.

"Baryalai," ya ce, "tsakaninka da Allah, bindigar nan ta taɓa cijewa?"

"Ko sau ɗaya, Kaka. Baba ya yi shekara shida da ita a yaƙi. Bayan nan duk bikin da aka yi a danginmu da ita aka yi harbi. Kullum cewa yake, aikin Rasha daban ne."

Zarghun ya ɗaga yatsansa.

"Haji, mayar da kuɗinka. Na yi kuskure. Wannan ƙirar Darra ce. Shamroz, matso ka karanta musu."

Shamroz ya duba, ya sake dubawa. Ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, ta ƙi fitowa. "Taka ce," ya ce a hankali.

Fuskar Baryalai ta sauya. "Kana nufin Baba ƙarya ya yi mana?"

"Ubanka bai yi ƙarya ba, ɗana. Gaggawa ya yi. Sauko min da waccan."

Aka sauko da ta bango. Zarghun ya cire marfinta, ya miƙa wa kowa ya gani: ƙarfe sumul, babu zane ko ɗaya. Ya ba su labarin tabarmar da motar, bai rage komai ba, har da wautarsa.

"Ga wadda ubanka ya ƙwato. Shekara arba'in tana shan mai a bangona, harsashi goma ba ta harba ba. Haji, wannan ɗari da hamsin ya yi mata kaɗan. Ɗari da tamanin."

Haji Misal ya yi ƙorafin da ya wajaba a kan ɗan kasuwa, ya biya Baryalai. Amma idonsa na kan ɗayar.

"Ita kuma wannan, Ustaz? Bindigar da ta ruɗi mutum huɗu, har da wanda ya ƙera ta. Nawa?"

"A kasuwa sha biyar."

"Na ba da talatin."

"Ban ce ana sayarwa ba."

Zarghun ya dubi Baryalai. Saurayin ya ɗauki bindigar da hannu biyu ya ɗora masa a tafin hannu.

A Darra ba a gama maganar bindiga sai an ji muryarta. Tsohon ya sa harsashi, ya fita bakin shago, ya ɗaga ta sama. Hannun na rawa, sai ya tallafe shi da ɗayan. Ya harba takwas a jere, ba wanda ya cije. Masu wucewa ko waiwaye ba su yi ba.

Ya dawo ya rataye ta a ƙusar da ɗayar ta bari. Shamroz, wanda ya dawo hayyacinsa, ya ce, "To Ustaz, ɗazu ka ce ba hannun da zai iya fitar da wannan a Darra."

Zarghun ya zauna, ya ɗauki kofinsa da ya huce.

"Na faɗa," ya ce. "Na manta da nawa hannun ne."