Kwalar Rigar Yaya Khoa

Baba na kwance yana tarin jini Yaya Khoa ya dawo daga birnin Hanoi. Mun aika masa ya zo da magani, sai ga shi da maganin, da kuma kwat irin ta Faransawa, yana tafe kamar shi ya gina tashar jirgin ƙasa. Yayana ne, amma tun yana yaro kansa rawa yake.

Kaka na tankaɗen shinkafa a tsakar gida. Tana ɗaga ido ta ga ƙirjinsa, faifan ya suɓuce mata. An naɗe kwalar rigar ta juyo waje, cikin yadin yana kallon jama'a. A wurinmu kuwa ba mai juya cikin riga waje sai wanda ubansa ya mutu.

"Kai, ɗan nema! Wa ya rasu maka?"

Ya yi dariya. "Haba Kaka, yayi ne. *Ve* ake ce masa. Kalmar Faransawa ce muka gutsure, ma'anarta bayan yadi. An ce sojojinsu ne in zafi ya dame su suke ɓalle maɓallin wuya su naɗe."

"Sojoji ai su suka san uban wa suka kashe. Tuɓe ta kafin ɗana ya gani!"

Na kama hannun rigar. "Yaya, don girman kakanni ka cire."

"Ke Nhan, har da ke a ƙauyanci?"

Sai muryar Baba daga ɗaki: "Khoa ne? Shigo."

Ya fizge hannunsa ya shige, na bi shi. Baba ya fara murmushi, sai idonsa ya sauka kan ƙirjin. Ya miƙo yatsunsa da suka zama kamar tsinke ya shafa naɗin.

"Ashe likita ya gaya muku mutuwa zan yi," in ji shi a hankali. "Ni kaɗai aka ɓoye wa."

"A'a Baba! Ɗinki ne kawai, kowa a Hanoi..."

Baba ya ture kwalbar maganin, ya juya fuskarsa bango.

Yaya Khoa ya cafki kwalar da hannu biyu yana haɗe ta a wuya, yana kiran Baba. Amma telan Hanoi ya san aikinsa, ya danne ta da dutsen guga sosai. Da ya saki sai ta koma ta buɗe.